Kawu da Farantin da Ya Ƙi Tsiro

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu yin gaba. Ranar Lahadi aka kai shi makwanci. Ranar Talata da aka yi addu'ar uku, tabarmin gidansa na Damba suka kasa, sai da aka aro na masallaci da na maƙwabta. Mu da muke jininsa mun zaci mun san mutanensa, ashe ko rabinsu ba mu sani ba.

Wani tsohon direban tashar Tsafe ya tsaya bakin ƙofar tsakar gida don ya yi wa Inna, matar Kawu, gaisuwa. Ya fara da addu'a, sai dariya ta kufce masa, sai kuma hawaye. Ya ce, "Hajiya, tun ina saurayi nike tuƙi, ban taɓa ganin mai kama ma kashi kujerar gaba ba sai Malam. Shi ya matse baya cikin buhunan gero, kularshi mai kashin awo tana gaba an ɗaure ta da bel, wai kar rana ta taɓa ta." Matan da ke kuka suka rufe baki da mayafi suna dariya. Inna ma sai da ta murmusa, karon farko tun ranar Lahadi.

Wani Arɗo daga rugagen wajen Wanke ya aiko a gaya mana cewa shekarar da gudawa ta shiga gari aka ɗora wa nonon matansu laifi, har aka daina saye, Kawu ne ya auna nonon, ya auna ruwan tafki, ya fito fili ya ce ruwan ne. Matar da ta gaje shi a ɗakin awo na asibiti ita ma ta zo. Ta zauna a lungu tana murza gefen hijabinta.

Bayan La'asar wata dattijuwa ta yi sallama, ƙafafunta duk taɓo. Ina ganinta na gane ta. Tsohuwar maƙwabciyata ce ta ƙauyen da na fara zaman aure, can gindin duwatsun Kwatarkwashi. Yaya nake ce mata. Ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Bawan Allahn nan bai taɓa manta ni ba. Kowace kaka sai damin geronai ya iso ɗakina, tun shekarar da ɗiyata ta rasu." Kowa ya ce Allah sarki, halin Malam ke nan. Ni kaɗai a wurin na san dalilin geron nan, na kuma san akwai maganar da ya kamata Yaya ta ji daga bakina, wadda na danne fiye da shekara ashirin.

Kawu wan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini, ko da zai yi mini faɗa. Aikinsa awo ne a asibiti: jini, fitsari, majina, amma abin da ya yi suna a kai shi ne bayan gida. Ya yi Bunguɗu, ya yi Tsafe, ya ƙare a Gusau. Muna yara kunyar aikin nan muke ji. In aka tambaye mu a makaranta sai mu ce likita ne. Da labari ya kai masa ya ce, "Ku daina mani ƙarya. Ku ce manomi ne."

Ba wasa yake ba. Yana da wasu 'yan farantai masu murfi, a zuba musu wani abu kamar kamu ya daskare. Sai ya ɗebo ɗan mitsitsin bayan gidan mara lafiya da tsinken waya, ya ja layi-layi a kai, ya rufe, ya sa a akwati mai ɗumi. Wannan shi yake kira shuka, farantan kuma gonakinsa. Kwana ɗaya ko biyu, ƙwayar cutar da ke cikin mutum ta tsiro ɗigo-ɗigo, ya dube ta ya faɗi sunanta. Daga nan ya sake shuka ta, ya jera mata 'yan takardu zagaye, kowace an jiƙa ta da magani daban. Inda ta ja baya ta bar fili, maganin yana cin ta. Inda ta tsiro har jikin takardar, ta raina shi. Duka aikin kwana uku yake ci, kuma ko Gwamna ne sai ya jira kwana ukun nan.

Mutanenmu kuwa ina suka ga haƙurin kwana uku? Akwai wani awon jini na taifot da ake gamawa kafin shayi ya huce, shi kowa yake so. Kawu in ya ji an ambace shi sai ya tsuke baki. "Wanga awo, ko Liman ka sauko mani da shi daga mumbari, cewa zai yi yana da taifot. Duk wanda ya sha ruwan ƙasar ga jininai ya taɓa gamuwa da ita, kuma jini ba ya mantuwa. Tabo yake nuna maka, kai kuma ka ce ciwo ne." Abin da ya fi ƙona masa rai, ƙarshen wata ana aika takarda ga masu lura da ɓullar cututtuka, sai ka ga an cika ta da taifot, atuni da sauran cututtukan ciki kuwa ba ko ɗaya. Yakan ce mutanen can ba sa ganin mara lafiya, takarda suke gani, abin da awo bai kama ba a wurinsu bai faru ba.

Dokokinsa biyu ne, kuma ko kajin gidanmu sun haddace su. A kawo bayan gida da ɗuminsa. Kada a sha magani kafin a kawo. Ya sha fama da mutane a kan haka. Wani ya kawo na jiya a kwalin ashana, wani ya wanke kwalbar da sabulu har da turare don girmamawa. Wanda ba zan manta ba shi ne magidancin da surukarsa ba ta da lafiya. Kunya ta hana shi buɗe baki ya nemi irin wannan abu a wurinta, sai ya zagaya ya kawo nasa, wai ai tukunya ɗaya suke ci. Kawu ya gane ne da ya tambaye shi ƙarfe nawa ta yi, mutumin ya amsa da saurin da ya wuce na suruki. Bai kunyata shi ba. Ya ce, "Alhaji, kai dai lahiyarka lau. Je ka turo mani matarka."

A Tsafe ne suka yi rigimar da aka daɗe ana ba da labarinta a danginmu. Wuta ba ta zama, akwatin ɗumin asibiti ya koma wurin ajiye takardu. Inna kuwa tana da akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da kananzir, wanda ƙaninta ya kawo mata, tana ji da shi kamar ɗa. Wata rana Kawu ya sa ma'aunin zafi a ciki, ya duba, ya sake dubawa, ya ce ɗumin da ƙwai yake so shi ne ɗumin cikin ɗan Adam. Kashegari akwati ya hau bayan babur.

Inna ta ce, "Malam, ƙwan zabina ashirin da huɗu!"

Ya ce, "Hajiya, ki ba kaza. Aikinta ne tun kahin a yi Bature."

Sati biyu ba ta sa masa yaji a miya ba, kuma Kawu ba ya iya cin abinci babu yaji. Amma akwati bai dawo ba, ba kuma zai yiwu ya dawo ba tunda ya kwana da cuta. Shekaru ya yi yana aiki da shi, yana alfahari da shi, har baƙi yake nuna wa.

To, ga tawa. Wata damina, ina ƙauye, ɗiyata tana shekara huɗu, atuni ya kama ta, gudawa da jini da majina, ga zazzaɓi. Ba ita kaɗai ba, gida huɗu ne a layinmu, duk rijiya ɗaya muke ɗiba, har da ɗiyar Yaya, ƙawar wasanta. Mai kemis ya yi wa yaran awon jinin nan mai sauri, ya ce taifot ce, ya ba kowa kafso ja da rawaya. Ni da yake ina ji da kaina, 'yar gidan ma'aikacin asibiti, na ce ya ba ni wanda ya fi wannan. Ya ɗauko wata farar ƙwaya sabuwar shigowa. Na ba ta kwana biyu, safe da yamma. Ban ga ta miƙe yadda nake so ba, rana ta uku na goye ta muka hau mota sai Tsafe.

Kawu ya taɓa goshinta, ya ja fatar cikinta, ya haɗa mata ruwan gishiri da sukari da hannunsa. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Uwata, kin ba ta magani?"

Wallahi na san amsar, na kuma san dokar tun ban iya ɗaura zane ba. Amma na tuna fuskar da yake yi wa masu karya ta, na ji ba zan iya ɗaukar wannan kallon ba, ni da ya raina. Na ce a'a.

"Ko na kemis? Ko rabin ƙwaya?"

"Ko ɗaya, Kawu."

Ya tambayi ko akwai wasu masu irin ciwon, na ce gida huɗu. Ya ce, "Madalla da kika zo da wuri. Wanga faranti ba na jikata kaɗai ba ne, shi zai yi magana da bakin unguwarku duka."

Faranti bai yi magana ba. Kwana biyu a akwatin Inna, abin da yake nema bai tsiro ba, don farar ƙwayar ta riga ta karya shi tun a ciki. Ɗiyata kuwa ta fara neman tuwo. Kawu ya juya farantin a hasken taga, ya ce wataƙila ɗanyen abincin damina ne ya ɓata wa yara ciki. Ya rubuta ba a ga komai ba. Bai aika wa kowa saƙo ba, ba wanda ya zo duba rijiyarmu, ni kuma na koma gida da lafiyayyar ɗiya ina ta godiya ga Allah.

Kwana tara bayan haka ɗiyar Yaya ta rasu. Tana shan ja da rawaya har ranar ƙarshe.

Da labari ya kai masa, Kawu ya zo da kansa a babur, kularsa a ɗaure a baya, taɓo har gwiwa. Ya bi gida-gida yana neman wanda ciwon ya kama sabo, bai kai ga shan komai ba. Wannan karon Gusau ya kai shukar. Ta tsiro fal. Da ya jera mata magunguna, sai ga ta ta haye takardar ja da rawaya kamar ba a sa komai ba. Cikin kwana uku aka zo aka rufe rijiya, aka zuba mata magani, aka sauya wa yara ƙwaya. Ba a sake rasa kowa ba. Abin da zai yi ke nan tun ranar da na je masa, da na faɗi gaskiya, don da ya biyo ni ƙauye a ranar ya ɗebi na sauran yaran.

Shi kuwa lissafinsa daban ya tafi. A ganinsa ni Uwata ba na yi masa ƙarya, saboda haka akwati ne ya yi sanyi ya kashe shukar. Ya fitar da shi bayan asibiti ya zuba masa sauran kananzir ɗinsa ya ƙone. Na je gaishe su, ina tsakar gidansu lokacin da Inna ta ce, "Ka hana ni zabi, ka kuma ƙone mani akwati?" Ya ce, "Hajiya, ni na kashe yarinyar nan. Na ɗauki ran mutane na ba akwatin kaza." Ina zaune ina tsince shinkafa. Ban ɗaga kai ba.

Tun daga ranar bai sake nuna wa baƙo wata dabara tasa ba. Ya rage raha a wurin aiki. In faranti ya fito babu komai sai ya sake shukawa sau biyu, har abokan aiki suna cewa Malam ya cika naci. A kakar shekarar ya fara aika wa Yaya gero daga gonarsa ta Wanke. Ni kuma muka dawo Gusau, ɗiyata ta girma, ta yi aure, ta haihu, Kawu ne ya yi wa ɗanta huɗuba. Sau nawa na shirya maganar a hanya, in na isa na gan shi yana murna da ni sai in haɗiye. Tsoro ne, ba wani abu ba, tsoron kada ya daina ce mini Uwata.

Bayan ya yi ritaya, matar da ta gaje shi ta gayyace shi ya ga sabuwar na'urar da aka kawo, wadda ke gano ƙwayar cuta cikin 'yan sa'o'i ba tare da shuka ba. Idonsa ya yi rauni, ni na raka shi. Ta ce masa tun da aka fara aiki da ita cututtukan ciki suka yi yawa a takarda, har ana tambaya ko annoba ce. Kawu ya yi dariya. "Ba cutar ta ƙaru ba, rariyarku ce ta ƙara ƙanƙanta ido. Ki rubuta masu ranar da kunka sauya awo, kar su gwada bana da bara su tada hankalin mutane." Ya shafa na'urar, ya yaba, sannan ya ja mata kunne kada ta watsar da farantai. "Wagga tana gaya maki ɓarawo ya shigo, amma ba ta kama maki shi. In ba ki da shi a hannu da rai, ta yaya za ki san maganin da yake tsoro?"

Har mun juya sai ya tsaya ya ce, "In mutum ya riga ya sha magani fa?"

Ta ce, "Baba, ko ƙwayar ta mutu, sau da yawa tana ganin sawunta."

Ya ce Allah mai iko, ya ci gaba da tafiya. Ni kuwa na tsaya a baya, har ya tambaye ni ko takalmi ne ke cizona.

Sai da ya kwanta ciwon ajali na iya. Wata safiyar Juma'a ce, an yi ruwa an ɗauke, Inna ta shiga dama masa kunu. Na durƙusa gefen gadonsa na faɗa masa duka, ban rage ba. Na jira kallon nan da na guje wa shekara da shekaru.

Ya gyara kwanciya. Can ya ce, "Wace ƙwaya?"

Na kwatanta masa.

"Kwana nawa?"

"Biyu."

"Sahe da marece?"

"E, Kawu."

Sai ya fara dariya, ƙasa-ƙasa, har tari ya sarƙe shi. Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa: "Hajiya! Zo ki yahe mani. Akwatinki bai yi ƙarya ba!" Inna ta leƙo da ludayi a hannu, ba ta gane komai ba, ta ce wane akwati kuma ana zaune ƙalau. Hawaye na bin gefen idonsa yana shiga kunne.

Ya sa na ɗauko wani tsohon littafinsa na kansa, inda yake kwafe aikin da ya dame shi. Ya san shafin, bai nema ba. Gefen layin da aka rubuta ba a ga komai ba, ya ƙara da hannunsa: an sha magani kwana biyu kafin a kawo. Ya rufe ya miƙo mini.

"Uwata, nawa na yahe, duniya da lahira. Uwa ce ke, kin ji tsoro. Ni ma da laihina, da na sa huskata ta hi gaskiya ban tsoro." Ya numfasa. "Amma akwai mai haƙƙin da ta hi ni. Sakamako in ya hito ba a aje shi aljihu. Mai shi aka kai mawa."

Na ce to. Kwana tara ya ƙara a duniya, ban je ba. Kullum sai in ce gobe.

Shi ya sa ranar Talata, da Yaya ta miƙe za ta tafi, na ja mayafina na ce bari in taka mata. Muka tafi har tasha tana ba ni labarin mutanen ƙauye, wa ya mutu, wa ya yi ƙaura. Motar Tsafe saura mutum biyu ta cika. Na riƙe hannunta na ja ta gefen rumfar mai lemo, na faɗa mata abin da na faɗa wa Kawu, da abin da ya ce.

Ba ta yi kuka ba. Sai ta ce, "Ɗiyar taki tana lahiya?"

Na ce tana lafiya, 'ya'yanta uku.

"Allah shi raya su." Ta zare hannunta daga nawa a hankali, ta gyara lulluɓi. Kwandasta yana ta buga mota. Ta sa ƙafa ɗaya a ciki, ta juyo. "Wagga magana ba ta tasha ba ce. Ki taho ranar Juma'a, ki iske ni ɗakina."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Daga Talata zuwa Juma'a kwana uku ne, kuma a gidan da na tashi an koya mini cewa ba a buɗe faranti kafin lokacinsa. Yau Alhamis. Na auno gero daga ragowar na Wanke, na ɗaure, na ajiye bakin ƙofa tare da littafin.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da yarinyar da ya ɗauki nauyinta ba da laifinsa ba. Ni kuma Allah Ya ba ni ƙafar shiga motar gobe.